Kwikwiyo biyu, yara uku: ta ina ake fara farautar zomo a Adar?

Ɗan Adar:

Assalamu alaikum. Tambaya gare ni ga waɗanda suka san daji, musamman na wajejen Tawa, Keita da Illela. Akwai kwikwiyo biyu a gidanmu, mace da namiji, irin dogayen nan na Azawak masu ɗamammen ciki, watansu uku da haihuwa. Ga kuma yara uku, babbansu shekara 14, sun ƙwallafa rai sai sun koyi farautar zomo irin ta kakanninsu. Tsofaffin unguwa da suka san abin, wasu sun riga mu gidan gaskiya, wasu ƙafa ta hana su fita.

Yaushe ake fara fitar da kare daji, kuma me ake fara koya masa? Karnuka biyu sun isa ko sai an haɗa da na maƙwabta? Me za a ba su su ci? In kare ya kashe zomo kafin mu iso da wuƙa, ya ciwu? Sannan ina jin ana cewa ma'aikatan gandun daji suna kama mafarauta, ban san iyakar abin da aka hana ba. Ba na son in sa yara a hanyar da za ta ƙare a ofis, ba na kuma son abin ya mutu a hannunmu.

Baba Na Keita:

Wa alaikumus salam, ɗana. Ajiye zancen kare tukuna mu fara da zomo, don yaron da bai san zomo ba, ko kare goma ka ba shi yawo kawai zai sha.

Zomon dajinmu ba irin na gida ba ne da ake kiwo a keji. Ba ya haƙa rami. Da dare yake kiwo, gari na wayewa sai ya nemi gindin sabara ko geza ko wani cunkushin ciyawa, ya ɗan tone ƙasa daidai jikinsa, ya kwanta ya lafe kunnuwa a baya. Wannan makwanci shi za a fara nuna wa yara. Sai kashinsa: kewayayye ne, fari-fari, in ka murje shi za ka ga ɗiyan ciyawa a ciki, na akuya kuwa ya fi baƙi da tsawo da santsi. Sai sawu. In yana gudu, ƙafafun baya biyu gaban na gaba suke sauka, gefe da gefe, na gaban kuma ɗaya bayan ɗaya. Sabon shiga yakan karanta sawun a juye, ya bi inda zomo ya fito maimakon inda ya nufa. Ka kai su jigawa da sassafe kafin iska ta share ƙasa, babu kare babu ƙere, har idonsu ya buɗe. Lokaci gare ku, don karnukan nan ba za su taɓa zomo ba bana.

Ranar fita, sahu ɗaya ake jeruwa, taku 10 zuwa 15 tsakanin mutum da mutum. A tafi a hankali, ana taɓa kowace sabara da sanda, ana tsayawa. Zomo da lafewa ya dogara. Mai sauri zai wuce shi da taku biyu bai gani ba, amma da an tsaya cik kusa da shi sai ya zaci an gan shi, ya zabura. A sa mutum ɗaya yana waiwaye, don da yawa bayan sahu suke tashi.

Karnuka a igiya ake riƙe su, ba a bari su yi ta watangaririya a gaba. A zura igiyar cikin zoben abin wuyan kare, a riƙe bakinta biyu a hannu. In lokacin saki ya yi sai a saki ɗaya daga bakunan biyu, igiyar ta zare ta zauna a hannunka. Kada a kuskura kare ya ruga da igiya tana jan ƙasa, ta sarƙe a kututture ta karya masa wuya. Kuma kada a saki da zomo ya tashi. A ba shi tazarar taku 30 ko 40. Cikin wannan ɗan lokaci za ka ga ko ƙarami ne ko mai nauyin ciki ne, ka ƙyale shi. Sakin kusa kuma shi ke sa karnuka su yi karo da juna.

Biyu sun isa, kuma biyu sun fi goma. Karen Azawak da ido yake farauta, ba da hanci ba. Ya fi zomo gudu a miƙe, zomo ya fi shi kwana. Na gaba zai matsa masa, zomo ya zille, kare ya zarce da nauyin gudunsa, na biyun da ke ɗan baya shi ke yanke masa hanya. In karnuka sun yi yawa babu wannan aiki, sai rububi, a yayyaga naman, a ƙare da faɗa. In akwai tudu kusa, can zomo zai nufa, don ƙafafunsa na baya dogaye ne, hawa ya fi masa sauƙi, saboda haka mai riƙe da kare ya tsaya ta ɓangaren tudun. In ya kuɓuce, kada a yi ta bi. Ba ya son barin inda ya sani, kewayowa yake yi. In kuwa an matsa masa ya faɗa ramin yanyawa ko na dabgi, shi ke nan, ya sha. Kada yaro ya zura hannu, ba a san wa ke ciki ba.

Ƙere kuma ƙasa-ƙasa ake jefa shi yana juyi, a lokacin da zomo ya tashi kafin a saki karnuka. Da kare ya shiga bayansa an rufe jifa. Karnuka da yawa a hannun masu su suka gurgunce.

Horon kwikwiyo: yanzu sunansa da kira kawai, da saba wa igiya. In sun kai wata shida, a cusa ciyawa cikin busasshiyar fatar zomo, a ɗaura a doguwar igiya, yaro ya ja da gudu yana karkacewa. Minti biyar ya isa, a tsaya tun suna marmari. In ya kama, a miƙa masa ɗan nama a ce “saki”, a karɓi fatar, kada a fizga, fizga ke koya masa gudu da abin da ya kama. Wajen wata goma a fita da su a igiya su kalli tsohon kare yana aiki. Saki na gaske sai sun cika shekara, ɗaya-ɗaya, kowane tare da tsohon kare. In sun kama na farko a ba su hanjin nan take, su san ladan gudu.

Likitar Kiwo:

Baba, Allah ya ƙara girma. Duk abin da kuka faɗa na yarda da shi, har da jiran shekara, don ƙasusuwan dogon kare ba sa gama ƙwari kafin nan, kwana da gudu a kan fako yana lalata gaɓoɓin da ba su nuna ba. Wuri ɗaya ne zan roƙi a sake: ɗanyen hanji. A cikin cikin zomo akan ga wasu ƴan ƙullutai kamar ƙwayar ruwa manne da hanji ko hanta. Ƴaƴan tsutsar ciki ce, irin doguwar nan mai faɗi. Kare ya ci, ta girma a cikinsa, ya yi kashi a daji, zomo ya ci ciyawar wurin, abin ya yi ta zagayawa. A je da ɗan dafaffen nama a aljihu don lada, kayan cikin kuma a binne ko a dafa su sosai.

Yaya Ɗan Adar, wata uku shi ne daidai lokacin allurar haukan kare. Ka kai su wurin likitan dabbobi na ma'aikatar kiwo a makon nan, a ba ka takarda, a riƙa maimaitawa duk shekara. Karen farauta yana haɗuwa da dila da karnukan da ba su da mai su, kuma yara ne ke wasa da bakinsa. Ka tambayi kuma allurar ciwon zawo mai jini, shi ya fi kashe kwikwiyo. Maganin tsutsa kowane wata har su kai wata shida, daga nan kowane wata uku, kuma a tabbata akwai praziquantel a ciki, don shi ke kashe mai faɗin. Da nauyi ake auna magani: namijin Azawak in ya girma kilo 20 zuwa 25 ne, macen 15 zuwa 20. Haƙarƙarinsu a fili yake bisa halitta, kada ka ga haka ka ce yunwa ce ka yi ta ɗura musu. A duba kunne da tsakanin yatsu kullum saboda kaska, tana sa musu zazzaɓi da ƙarancin jini.

Abinci: tuwon gero ko na dawa da nono, amma tuwo kaɗai ba ya gina mai gudu. A haɗa da dafaffen kayan ciki ko tarkacen nama daga mahauta, kamar kashi ɗaya cikin uku na kwanon. Kwikwiyo sau uku a yini, babba sau ɗaya ko biyu. Dafaffen ƙashin kaza ko na zomo yana tsagewa ya huda hanji. Abin da aka fi mantawa a ƙasarmu ta albasa shi ne albasa guba ce ga kare, ɗanya ko dafaffiya, tana fasa masa ƙwayoyin jini a hankali. Ragowar miya da dambun da aka cika wa albasa ba nasu ba ne. Haka maganin ciwon jiki na mutane, kada a ba su, ballantana ƙwayoyin da wasu samari ke ɗirka wa dabba wai don ta yi gudu.

Ranar farauta ba a ciyar da su kafin fita, sai an dawo sun huce. Ruwa kuwa a ɗauki aƙalla lita biyu don kowane kare, a ba shi kaɗan-kaɗan bayan kowane gudu. Gudu biyu ko uku a safiya ya isa, da hutu a inuwa tsakani. Kare ba ya gumi kamar mu, da haki yake fitar da zafi. In ka ga harshe ya yi jawur ya faɗaɗa, yawu ya yi kauri, ƙafafun baya suna tangaɗi, a daina komai, a kai shi inuwa, a zuba masa ruwa a ciki da hammata da cinyoyi, a yi ta fifita. A Afrilu da Mayu, da zafin Tawa ke haura digiri 40, ba a fitar da kare gudu sam.

Matsefatar cire ƙaya ta zauna a aljihun babban yaron. Ƙarangiya tana shiga tsakanin yatsu, tsidau da ƙayar aduwa suna huda tafin ƙafa, duwatsun Adar kuma suna yanka tafin da bai saba ba. A riƙa tafiya da su a kan tsakuwa kaɗan-kaɗan tun yanzu. In an yanke, a wanke da tafasasshen ruwa rabin lita da ƙaramin cokali ɗaya na gishiri, a huta da shi har ya warke. Saran kububuwa ko kasa: ba tsagawa, ba ɗaurewa, a ɗauke shi a hannu zuwa likita. In gamsheƙa ta tofa masa a ido, a yi ta wankewa da ruwa mai yawa nan take.

Malam Na Ƙonni:

Ɗan'uwa, game da cin abin da kare ya kashe, aya ta 4 a Suratul Ma'ida ta halatta abin da horarriyar dabbar farauta ta kama maka in ka ambaci sunan Allah. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda muke karantawa a zaurukanmu, ta kawo haka, ta kuma ce farauta don wasa kawai makaruhi ce, don wata buƙata kuwa halal ce. Wannan ya kamata yaran su ji tun farko.

Sharuɗɗan a aikace: kare ya zama horarre, wanda in an tura shi zai tafi, in an kira shi zai dawo. Kai ne za ka sake shi da niyya, ka yi bisimilla lokacin saki, ba lokacin da ka iso ba. Karen da ya ga zomo ya ruga don kansa ya kashe, wannan ba farautarka ba ce, kuma ka ga amfanin igiyar da Baba ya faɗa ke nan. Ya kasance karen ya ji wa zomon rauni, ba mutuwar firgita ko ta bangaza ba. In ka same shi da sauran rai, dole ka yanka, saboda haka wuƙa mai kaifi ta kasance a jikin wanda ya fi kowa gudu, ba a jakar da aka bari gindin itace ba. In ka yi sakaci har ya mutu alhali da ka iya yankawa, bai ciwu. In kuma ka tarar da wani kare da ba ka san wa ya tura shi ba tare da naka a kan zomon, ba ka san wanda ya kashe ba, a bar shi. Hadisin Adiyyu ɗan Hatim ya yi bayanin wannan.

Mai Gandun Daji:

Malam Ɗan Adar, dokar da ke aiki a Nijar ita ce mai lamba 98-07 ta 29 ga Afrilu 1998, kan farauta da kare namun daji. Ta san da farautar gargajiya, amma ba ta bar ta sakaka ba. Akwai izini, akwai lokacin buɗewa da na rufewa, kuma hukuma ke sanar da su. Kafin ku fita ka je ofishin muhalli na yankinku ka tambayi ranakun bana da takardar da ta dace da ku, ka kuma sanar da mai gari. Abin da dokar ta hana ƙarara: farautar dare, da fitila ko babu, bin dabba da mota ko babur, cinna wa daji wuta don a koro nama, da sa guba.

Waɗannan su ne suka rage zomo, ba kare biyu da ƙere ba. Zomo in an haska masa tocila mai ƙarfi tsayawa yake yi, ba gudu ba wayo, mutum ɗaya a kan babur zai kwashe na fili guda cikin ƴan darare. Wuta kuma, wanda ya san arewacin jiharmu wajen Abalak da Cintabaradan ya san abin da gobarar daji ke yi wa makiyaya bayan damina.

Baba, ku gafarce ni, zan ƙara a kan zancen mai ciki. Cikin zomo kusan kwana 42 ne, ƴaƴan kuma ba su da yawa kamar na zomon gida, galibi ɗaya zuwa uku. Da gashinsu ake haifarsu, ido buɗe, a fili ba a rami ba. Uwar ba ta zama da su, sau ɗaya take zuwa wajen faɗuwar rana ta shayar da su ƴan mintoci ta tafi. Yara su tsinci ɗan zomo shi kaɗai, su ce maraya ne, su kawo gida ya mutu a kwali. A gaya musu su bar shi inda yake. Haihuwa ta fi yawa lokacin ɗanyar ciyawa, shi ya sa mutanen da suke rufe daji da damina, ba a shiga sai an yi buɗin daji bayan kaka. Wannan tsari ya girmi dokar takarda, kuma in ana zancen riƙe al'ada, shi ne kashin bayanta, ba kiɗa da kirari kaɗai ba. Ku sa wa kanku iyaka: zomo ɗaya ko biyu a fita, kuma filin da aka taɓa a bar shi makonni kafin a koma.

Wani abu na yankin Keita da kewaye: tun aikin raya karkara da aka fara a 1984 an haƙa ramukan tare ruwa, har da masu siffar rabin wata, a kan tuddai da fako. Ciyawa da itatuwa sun dawo, zomo ya samu mafaka, amma kare mai gudu ido a kan zomo ba ya ganin rami. Ku zaga filin da ƙafa kafin ku saki, kuma wuraren da aka dasa ake gadi ba a shiga.

Ɗan Adar:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba, saura biyu. Tunda sai mun nemi tsohon kare na wani gida, in an kama zomo na wa ne? Sannan namijin ya fara bin ƴan awaki a tsakar gida, yara suna dariya, ni kuwa abin bai kwanta mini ba.

Baba Na Keita:

Gara da bai kwanta maka ba. Hana yaran dariyar yau, don a wurinsa dariya yabo ce. Yanzu ne lokacin, kafin ya wuce wata huɗu. Ɗaure shi a igiya ka shiga da shi cikin awaki da tumaki da kaji safe da yamma. Da ya kafa wa ɗaya ido ya sunkuyar da kai, ka ja igiyar ka tsawata da kalma ɗaya, kullum ita, in ya kau da kai ka shafa shi ka ba shi ɗan abu. Duka ba ya yi wa irin wannan kare, tsoronka zai ji ya daina zuwa kira, ka rasa duka biyu. Tsohuwar akuya mai ɗa ma malama ce, in ta tunkuɗe shi sau ɗaya ya gane. Ka tuna lokacin farauta shi ne lokacin da aka saki gonaki, garake sun sauko cin kara. Karen da ya tarwatsa wa Bafillace ko Buzu tumaki ya jawo maka biyan da zomo ɗari ba zai rufe ba. In kun hangi garke, karnuka a igiya, a gaisa, a zaga nesa.

Rabon nama kowane gari da nasa. Wani wuri mai karen da ya fara kamawa ke ɗauka, wani wuri wanda ƙerensa ya fara samu, wanda ya tayar kuma a ba shi cinya. Wanda duk za ku bi, a faɗe shi da baki a gaban kowa tun a bakin gari, a kuma naɗa babba ɗaya wanda in ya yanke magana ta yanku. Faɗan farauta kusan duka a kan wannan yake tashi, ga sanduna da wuƙaƙe a hannu. Tunda aron kare za ku yi don koyo, ku bar wa mai karen na farko, ku roƙi fatar don horon naku.

Tsofaffin nan da ka ce ƙafa ta hana su fita, bakinsu bai mutu ba. Tura yaran da goro su zauna gabansu da waya, su ɗauki kirarin gidanku, da sunayen filaye da ƙoramu, da yadda ake kiran kare a garinku. Zomon farko da naku suka kama, a matse masa mara fitsarin ya fita, a feɗe shi a inuwa tun da ɗuminsa, a kai wa mafi tsufansu gadon bayan.